Kwamfutoci 42 a kwali, kwana bakwai a hannu: ta ina zan fara?

Nura Rigasa:
Assalamu alaikum yayyena da iyayen gidana na wannan zaure. Shawara nake nema, kuma da gaggawa. Makarantar da nake wa aiki a wajen Mando, nan Kaduna, ta sayo kwamfutocin tebur 36 na ɗakin ɗalibai, da laftof 6 na ofis. Jiya da la'asar aka sauke su, yanzu haka suna jibge a sito cikin kwalayensu. Mai makaranta ya ce Litinin ta sama yake so ya zagaya da iyayen yara su ga komai yana ci. Ni kaɗai ne, sai wani ɗalibi da ya zo sanin makamar aiki. Ban taɓa haɗa fiye da biyar a lokaci guda ba. Abin da na saba shi ne filash ɗina da na ɗora wa Windows da manhajar Rufus, in yi wa kowace fomatin, in sa Windows, in bi ta da Office da Chrome da sauransu. Kowace tana cin kusan awa biyu, ga wuta ba tabbas. Don Allah wanda ya taɓa irin wannan aiki ya nuna mini hanya.

Sadiq Tudun Wada:
Wa alaikumus salam. Nura kada ka tayar da hankalinka. Awa biyun ai ba tsaye kake a kanta ba. Sayi filash shida, ka jera kwamfuta shida a tebur, kafin ka gama da ta shida ta farko ta kai inda kake so. Haka nake yi a shago kullum. Kwana uku ka gama. Yanzu za su zo su ce ka yi kulonin, wato ka shirya ɗaya ka kwafe ta zuwa sauran, ni dai na faɗa maka, ranar da ya ƙi ka ba za ka san inda za ka kama ba.

Injiniya Bala Kakuri:
Wa alaikumus salam. Ɗana Nura, ajiye filash tukuna. Ka sa hannu a takardar karɓar kaya?

Nura Rigasa:
A'a Baba, ma'ajin makaranta ya ce sai na duba.

Injiniya Bala Kakuri:
Alhamdulillahi, kada ka sa. Yau da gobe da safe aikinka buɗe kwali ne kawai. Ka buɗe duk 42, ba biyar ba, ba goma ba. Ka kunna kowace, ka shiga BIOS, shafin saitin da ake shiga kafin Windows ya tashi, ka rubuta lambar jikinta, da irin furosesa, da yawan RAM, da girman faifai da irinsa. Ka ɗora wannan a kan takardar da aka yi ciniki da ita, layi bayan layi.

Dalilina ke nan. Shekarun baya an kawo wa wani ofis da nake kula da shi kwamfuta 20, duk kwali iri ɗaya, duk da leda, har da ƙamshin sabon abu. Na buɗe huɗu na sama, lafiya lau, na sa hannu. Sai da muka zo jera su na ga bakwai RAM ɗinsu rabin abin da aka biya ne, biyu kuma faifan cikinsu da na sa CrystalDiskInfo, manhajar duba lafiyar faifai, ya nuna ya yi aikin dubban awanni. Ɗaya da na kwance murfinta, fankar furosesa ta yi dam da ƙura. Mai kayan ya ce ai kun karɓa kun sa hannu. Wata uku ana ja, kuma sunana ne a takardar.

Laftof ɗin kuma ka buɗe baƙin allon rubuta umarni (Command Prompt) ka rubuta powercfg /batteryreport, zai nuna maka ƙarfin da aka ƙera batir da shi da abin da ya rage masa yanzu. Sabon batir ba ya ɓuya. Ka kuma ɗauki lambar jikin guda biyu ko uku ka duba a shafin kamfanin da ya ƙera su, ka ga ko garantinsu yana nan da ranar da ya fara ƙirga.

Ishaya Barnawa:
Barkanmu da yamma. Na goyi bayan Baba Injiniya. Ƙari ɗaya kafin ka cusa fulogi: leƙa bayan kowace. Wasu kwamfutocin tebur da aka yi don kasuwar Amurka suna da ɗan jan maɓalli a jikin akwatin wutarsu mai 115 da 230. Wutarmu 230 ce. Idan yana kan 115 ka jona, ƙara ɗaya za ka ji sai hayaƙi. Sababbin yanzu yawanci ba su da shi, amma dubawa ba ta cin minti ɗaya.

Hauwa Malali:
Salam. Ni kam ina mamakin yadda har yanzu muke maganar filash da kulonin. A ƙungiyar da nake aiki Autopilot muke amfani da shi tare da Intune, tsarin Microsoft na shirya kwamfuta ta intanet. Laftof ta zo, a miƙa wa mai ita a kwalinta, ya jona intanet, ya sa imel ɗin ofis, komai ya sauko da kansa: manhajoji, dokoki, har kalmar sirrin Wi-Fi. Ma'aikacinmu na Kafanchan ban taɓa taɓa laftof ɗinsa da hannuna ba. Nura, ka gwada nuna wa mai makaranta wannan.

Sadiq Tudun Wada:
Anti Hauwa, ku da ake biya muku intanet da dala. Nura, da me kuke hawa intanet a makarantar?

Nura Rigasa:
Rawuta ɗaya ce mai layin waya, ana sa mata data duk wata.

Hauwa Malali:
To na janye, ban san haka abin yake ba. Hanyar tana son lasisin kowane mai amfani da intanet mai ƙarfi, idan babu su wahala ce kawai. Amma Sadiq, ban yarda da taka ba. Matsalar bi ɗaya bayan ɗaya ba lokaci ba ne. Mutum ne, kana gajiya. Ta farko za ka sa mata komai, ta goma sha bakwai za ka manta direban sauti, wato 'yar manhajar da ke sa sauti ya yi aiki, ta talatin ka manta ka gyara agogo. Bayan wata biyu malami ya ce lamba 17 ba ta magana, lamba 30 ba ta buɗe shafin intanet, kuma babu biyu da suke iri ɗaya balle ka gwada wannan da waccan.

Malam Yakubu Kawo:
Assalamu alaikum. Ni cibiyar jarrabawar kwamfuta nake kula da ita, kuma duk wanda ya san irin cibiyoyin da ake zana JAMB ya san maganar kwamfuta 250 ake yi a zaure ɗaya. Sadiq ƙanina, da filash shida zan bi su da har yanzu ina can. Nura, tunda 36 ɗin iri ɗaya ne, ga yadda nake yi.

Ka ware guda ɗaya, ita ce uwa, wadda za ka kwafa zuwa sauran. Duk haƙurinka a kanta zai ƙare. Ka sa mata Windows mai tsabta daga shafin Microsoft, ba wanda wani ya tura maka an yi masa kwaskwarima ba. Ka sa direbobi daga shafin kamfanin da ya ƙera ta. Ka bar ta ta sha sabuntawa har ta ce babu saura, sau ɗaya ke nan za ka ƙona data a maimakon sau 36. Ka sa manhajojin da malamai suka ce suna so, ka tambaye su yau, kada ka yi musu zato. Ka gyara yankin lokaci zuwa na Afirka ta Yamma ta Tsakiya, ka mayar da takarda A4, ka duba allon rubutu na Amurka ne ko na Ingila, domin idan ka saɓa za ka ga alamar @ ta koma wani wuri yara suna ta kiranka.

Sannan kafin ka ɗauki kwafinta ka gudanar da Sysprep, manhajar da ke cikin Windows mai shirya kwamfuta don kwafi, ka zaɓi generalize. Wannan shi ke cire mata shaidar da ta keɓanta da ita, ta yadda kowace 'ya za ta tashi a matsayin kanta. Idan ta rufe kanta bayan Sysprep kada ka bar ta ta sake shiga Windows, ka tayar da ita kai tsaye da filash ɗin Clonezilla, manhajar kwafar faifai, ka kwashe kwafin zuwa faifan waje. Daga nan ko dai ka bi su da faifai biyu ko uku, ko ka jona su duka a suwic, akwatin da ke haɗa kwamfutoci da kebul, ka tura musu a lokaci guda. Suwic ɗin ya zama mai gigabit. Kwafi mai girman giga 25 a tsohon suwic mai 100 ya haura rabin awa a lissafi, a mai gigabit 'yan mintoci ne.

Abu ɗaya da Clonezilla ba ya so: faifan da za a zuba wa ya fi na uwa ƙanƙanta. Shi ya sa lissafin da Injiniya ya ce ka yi zai yi maka rana. Wadda ta fi ƙaramin faifai ita za ka mayar uwa.

Injiniya Bala Kakuri:
Malam Yakubu ya gama magana. Abin da zan ƙara: kada ka zuba wa 35 a tashin farko. Zuba wa biyu. Ka kira malamin kwamfuta da yara biyu su zauna su yi darasi na gaske a kansu, su buga takarda, su sa abin kunne, su kashe su kunna. Kuskuren da ke jikin uwa duk 'ya'yan za su gada.

Sadiq Tudun Wada:
To na ji, a kan 36 iri ɗaya na sallama. Amma maganar lasisi fa? Kowa ya yi shiru. Mu faɗi gaskiya, rabin kwamfutocin garin nan da ɗan abin nan na satar lasisi ake kunna musu Windows da Office. Mai makaranta zai biya kuwa?

Hauwa Malali:
Sadiq don Allah kada ka koya masa wannan. Kafin abin nan ya yi aiki sai ka kashe mai gadin kwamfutar, wato anti-virus, da hannunka, ka ba wani abu da ba ka san wanda ya rubuta shi ba cikakken iko. A kan uwa kuma! Ka raba shi gida 36 ke nan, a makarantar da ke riƙe da sunayen yara da lambobin iyayensu. Kuma ma wataƙila ba ya bukata. Tun zamanin Windows 8 kwamfutar da aka sayar da Windows a cikinta makullinta yana dashe a jikin babban allon da ke cikinta (motherboard). Idan ka sa irin wanda ta zo da shi, tana hawa intanet za ta kunna kanta. Abin dubawa shi ne irin Windows ɗin, Home ce ko Pro. Idan Home aka kawo alhali Pro aka biya, wannan ma maganar mai kaya ce, kuma Home ba ta shiga domen, tsarin sarrafa kwamfutocin ofis daga wuri ɗaya, idan wata rana kuka girma. Na Office kuwa, idan babu kuɗi LibreOffice kyauta ne, halal, yara za su koyi rubutu da lissafi a kansa. Su kuma tambayi tsarin da Microsoft ke yi wa makarantu.

Sadiq Tudun Wada:
LibreOffice ɗin nan malamai ba sa so, littafin da suke koyarwa da shi hotunan Word ne a ciki.

Hauwa Malali:
To sai mai makaranta ya san haka ya yanke hukunci da aljihunsa. Aikin Nura ya rubuta masa zaɓi biyu da kuɗin kowane. Ba aikinsa ba ne ya ɗauki laifi a kansa don a ce ya iya tattali.

Ishaya Barnawa:
Ni wuta ce damuwata, don nan ne ake asarar kaya a Kaduna ba wajen Windows ba. Ka ƙaddara kowace da allonta tana jan wat 120, sau 36 ya haura 4,300, ban da fankoki da firinta da na'urar haska bango. Janaretan makarantar nawa yake ɗauka? Wayar da aka ja zuwa ɗakin za ta iya? Akwai wayar ƙasa ta gaske ko ramin soket ne kawai? Na shiga wani ɗakin kwamfuta na ga an jona abin ƙarin soket a jikin wani, shi ma a jikin wani, har huɗu, na farkon ya yi laushi don zafi, robar ta fara narkewa. Ka sa a kira mai wayarin ya raba layin tun yanzu. Kuma ranar zuba kwafi a tayar maka da janareta tun daga farko, kada ka dogara da wutar gari, idan aka ɗauke a tsakiya sai ka sake daga fari.

Kebul kuma ka kankare bakinsa ka gani kafin ka saya. Akwai mai arha da alminiyom ne aka shafa wa jan ƙarfe, yana karyewa a cikin kan. Kada kowane ya wuce mita 100. Hunturu na zuwa, a ɗinka musu riguna, kuma kada a ajiye su a ƙasa.

Maman Khalifa:
Salamu alaikum. Ni ba injiniya ba ce, akanta ce, ƙanina ne ya sa ni a zauren nan. Ku yi haƙuri in sa baki a kan laftof shidan nan na ofis, don ni aka taɓa yi wa.

An canza mana kwamfutoci ranar wata Juma'a bayan mun tashi. Litinin na zo na tarar da sabuwa fil a teburina, kyakkyawa. Na buɗe, babu komai nawa. Fayil ɗin albashi da nake ajiyewa a fuskar allo babu, shafukan da na adana a burauza babu, firinta ba ta san ni ba, kuma ranar 26 ga wata ce. Tsohuwar an riga an kai sito an ɗora wasu a kanta. Wanda ya yi aikin ya ce ai ya kwashe abin da ke cikin jakar takardu. Bai tambaye ni ina nake ajiya ba. Na zauna a sito a kan kwali, shi yana ɗaga su ɗaya bayan ɗaya yana neman tawa, babu ko lamba a jikinsu. Sai bayan azahar muka same ta.

Nura ƙanina, ka zauna da kowane mutum minti goma kafin ka taɓa tasa. Ka ce ya nuna maka abin da yake buɗewa kullum. Kuma ka bar tsohuwar a kusa ko da mako biyu.

Injiniya Bala Kakuri:
Hajiya, Allah Ya saka da alheri. Wannan ya fi duk abin da muka faɗa. Nura, laftof shidan nan kada ka yi musu kulonin, ka bi su da hannu yadda Sadiq ya ce, kowace da mai ita a gefenka.

Kuma ka kula da BitLocker. Windows 11 na yanzu, tun fitowar 24H2, idan aka shiga da asusun Microsoft yakan kulle faifan da kansa, makullin ceto mai lamba 48 ya tafi cikin asusun da aka shiga da shi. Kullewar alheri ce, idan an sace laftof ɓarawo ba zai karanta komai ba. Amma da asusun wa aka shiga? An taɓa kawo mini laftof ɗin wata shugabar makaranta, shuɗin allo yana neman lamba 48 bayan an taɓa BIOS. Yaron da ya haɗa ta da imel ɗinsa na kansa ya shiga, ya bar aiki, ya bar gari, layinsa ba ya shiga. Sakamakon yara na zango biyu yana ciki. Matar nan ta zauna a shagona tana juya carbi tana tambayata ko akwai dabara. Babu. Don haka asusun makaranta za ka buɗe, ba naka ba. Ka buga makullan a takarda, ka sa a ambulan, ka rubuta lambar kowace laftof, a kulle a ofishin mai makaranta.

Malam Yakubu Kawo:
Saura maganar iko, wato wa zai iya sa manhaja ko canza saiti. Yara asusu mara iko, wannan babu gardama. Idan da hali a sa Deep Freeze, duk ɓarnar da yaro ya yi ana kashewa a kunna ta goge. Veyon kuma kyauta ne, malami zai ga allon kowa daga teburinsa. Ma'aikatan ofis ma ni ba na ba su iko.

Sadiq Tudun Wada:
A nan kam ban bi ka ba Malam. Ka hana shugaban makaranta iko a kan laftof ɗinsa? Ƙarfe goma na dare zai kira Nura don yana so ya sa Zoom. Yaro ne sabon ɗauka, kada ku haɗa shi faɗa da mai ba shi albashi.

Hauwa Malali:
Akwai tsakiya. A yi masa asusu biyu: na yau da kullum mara iko, da na biyu mai iko wanda zai sa kalmar sirrinsa idan allo ya tambaya. Ba a hana shi komai ba, amma abin da ya danna cikin kuskure ba zai shige kai tsaye ba. Idan aka yi masa bayani da ladabi zai karɓa. Ni ma haka tawa take.

Malam Yakubu Kawo:
Ga shugaba na yarda. Ga sauran biyar ina nan a kan bakata.

Nura Rigasa:
Salam. Yau kwana uku, ga inda aka kwana. Baba Injiniya, na buɗe duka. Uku sun zo da faifai mai 128 maimakon 256, ɗaya kuma allonta yana da layi. Ma'aji ya kira mai kayan, ya ce zai canza, ba mu sa hannu ba. Duka Pro ne, sun kunna kansu kamar yadda Anti Hauwa ta ce. Amma Sysprep ya ƙi, yana kawo kuskure ya rufe. Sannan laftof biyu da na sa filash, wajen zaɓar faifai babu komai, fari fat.

Malam Yakubu Kawo:
Buɗe setupact.log a jakar Panther da ke cikin jakar Sysprep, ka gangara ƙasa. Galibi wata manhajar Store ce da ta sabunta kanta a asusu ɗaya, zai faɗi sunanta, ka cire ta. Ka kuma tabbatar BitLocker a kashe yake a kan uwa, kuma ka zare mata intanet kafin ka sake gwadawa.

Sadiq Tudun Wada:
Na laftof ɗin nawa ne wannan, kullum sai na gani. Faifan lafiyarsa ƙalau. Furosesar Intel ce daga zubi na 11 zuwa sama, VMD ne a kunne, wani saitin Intel da ke ɓoye faifan idan babu direbansa. Ko ka sauko da direban Intel RST ka sa a filash ka nuna masa a wurin, ko ka kashe VMD a BIOS kafin ka fara. Idan ya gagara kawo su Tudun Wada bayan magariba, ba sai ka biya ba.

Maman Khalifa:
Tsofaffin kwamfutocin da za a cire fa, ina za a kai su?

Nura Rigasa:
Hajiya, mai makaranta ya ce a sayar. Windows 10 ne a kansu, kuma ba su da TPM 2.0, guntun tsaron da Windows 11 ke bukata, balle su ɗauke shi.

Hauwa Malali:
Tallafin Windows 10 ya ƙare tun 14 ga Oktoba 2025, don haka kada a mayar da su ofis a jona intanet. Masu ɗan ƙarfi a sa musu Linux Mint, tsarin kyauta a madadin Windows, a ba 'yan firamare su koyi buga rubutu. Waɗanda za a sayar kuma a goge faifansu gogewa ta gaske, fomatin na sauri ba ya share bayanai gaba ɗaya, ko a zare faifan a riƙe. Akwai dokar kare bayanan jama'a ta 2023, bayanan yara amana ce a wuyan makarantar.

Nura Rigasa:
Assalamu alaikum. Yau Lahadi, yanzu na kulle ɗakin. Kuskuren Sysprep manhaja ɗaya ce, na cire ta ya wuce. Gwajin biyun da Baba ya ce ya fitar da abu biyu: na manta direban firinta, kuma malamin Hausa ya zauna ya nemi ƙ da ɗ da ɓ ya rasa. Na koma kan uwa na ƙara allon rubutu na Hausa, na sake ɗaukar kwafi. Jiya da janareta muka zuba wa sauran, goma sha ɗaya a kowane zubi saboda ramukan suwic ɗin. 32 suna ci, huɗun da za a canza na bar teburansu da kebul a jone. Kowace na manna mata lamba a goshi da baya, sunanta a Windows shi ne lambar teburinta, kuma duk suna cikin takarda ɗaya da lambar jiki da ranar saye. Ambulan ɗin makullai yana ofis. Laftof huɗu na miƙa, kowa na zauna da shi. Ma'aji ashe duk lissafinsa a wani filash yake da ke maƙale a bayan tsohuwar, da ban tambaya ba da ya tafi sito. Yaya Sadiq na gode da daren Alhamis. Mai wayarin ya raba layi uku, amma Oga Ishaya, ya ce wayar ƙasa sai an haƙa rami an binne sanda, mai makaranta kuma ya ce a bari sai hutu.

Ishaya Barnawa:
Kada ka bari ya kai hutu. Rubuta masa a takarda gobe bayan iyaye sun tafi, ka riƙe kwafi. Turo mini hoton allon rarraba wutar ta akwatin sirri in gani, Laraba ina da aiki a Kawo, zan biyo in auna muku.